Kafin ka ba wani kwangilar sa maka sifirinkila a gini, ga abin da za ka tambaya da abin da za ka gwada

Tun daga taron ƙasashen Afirka na 2019 da anka gina manyan otel-otel a Yamai, masu gini sunka fara jin maganar sifirinkila, wato waɗannan ƙananan kawunan da ake jerawa a plafo masu feso ruwa da kansu in wuta ta tashi. Yanzu ko mangaza babba za ka gina ko kilinik ko bene mai hawa huɗu sai ka ji mai asirans ko banki ko baƙon da zai kama haya ya ce sai an sa. To nan ne matsala ke farawa, don kowa ya zama gwani. Wanda jiya yake gyaran robine yau ya buga kati ya rubuta tsaron gobara, kai kuma Alhaji ba ka da hanyar gane na gaske, tiyo dai ja ne an shafa mashi fenti, kawuna suna walƙiya, ka biya kuɗɗinka ka yi kwana da daɗi. Ranar da za ka san ko aikin na kirki ne ita ce ranar da ba a iya gyara komi.

Mu da munka ga abin da wuta ta yi ma babbar kasuwa a 1982, da ƙaramar kasuwa a 2012, ba sai an tsaya yi muna wa'azin gobara ba. Maganar dai ita ce wa za ka ba aikin, kuma yaya za ka kama shi in ya yi ha'inci.

Fara da takardu, amma ka san iyakar abin da kowace takarda ke hwaɗi. Ɗan kwangila zai miƙo maka RCCM da NIF yana murmushi. Da kyau, ka karɓa, amma waɗannan ba su ce ya iya komi ba, sun ce dai kamfanin yana da rijista kuma masu haraji sun san da shi, mai saida shinkafa ma yana da su. Ka ƙara tambayar takardar CNSS, wato asusun kula da ma'aikata, ta ma'aikatanshi, don aikin nan a sama ake yin shi bisa tsani da ƙarafan hawa, yaro ya faɗo a shantiyenka ba shi da rijista kai ne za a riƙa yi ma sallama. Sai takardar asirans ta kamfanin wadda ke biya in sun yi ɓarna, ka duba kwanan wata, da yawa ta shekarar bara ce ake yawo da ita. In gini na gwamnati ne ko na wata ƙungiya, akwai takardar amincewa ta aikin gine-gine da ake nema cikin dosiye, ita ma ka duba ko wane irin aiki anka rubuta a ciki.

Bayan wannan sai tambayar da ke raba gari da tsakuwa: da wace ƙa'ida za ka yi aikin? In ya ce "ƙa'idar duniya" ko "irin ta Turai" bai ba ka suna da lamba ba, ka gode mashi ka raka shi bakin ƙofa. Guda uku ne za ka fi ji a nan. Akwai NFPA 13 ta Amurka, akwai EN 12845 ta Turai, akwai kuma APSAD R1 ta Faransa wadda masu asirans na ƙasashen da ke amfani da Faransanci sunka fi sani. Kowace ya zaɓa babu laihi, amma shi zaɓi guda, a rubuta ta cikin kontra, kar shi ɗauko faɗin tiyo daga wannan, girman tanki daga waccan, duk inda ya fi arha nan shi bi. Wannan haɗe-haɗen shi ne abin da ya fi yawa kuma shi ne ya fi wuyar ganewa ga wanda ba sana'arshi ba ce.

Yana da kyau ka san yadda abin yake a inda ƙa'idojin sunka fito, don ka san abin da za ka kwaikwaya. A Amurka galibi jihohi ne ke ba da lasisi, kowace da nata. A Kalifoniya misali lasisin wanga aiki daban yake da na plombiye, ana ce mashi C-16, kuma shi kanshi mai ɗaura tiyon sai yana da tashi takarda daga ofishin babban jami'in kashe gobara na jihar. Koyon sana'ar a can kan kai shekara 5, ana aiki ana karatu. Wanda ya yi kwangila ba lasisi laihi ne da ake kai mutun kotu a kanshi, kuma abin da ya fi burge ni, doka ba ta ba shi damar kai ƙarar mai gini don a biya shi ba, mai ginin ma yana iya neman a maido mashi duk abin da ya biya. A Faransa kuma hanyar daban ce, masu asirans ne ke riƙe da sandar. Wata cibiya mai suna CNPP ke tantance kamfanoni, in an gama aiki a zo a duba a ba da takardar da ake kira N1, sannan kowane wata 6 a sake dubawa a rubuta wata mai suna Q1. Ba ka da su, asirans ɗinka ta yi tsada ko a ƙi biyanka. Ka lura da abu guda a duka biyun: wanda ya yi aikin ba shi ne ke cewa aikin ya yi kyau ba. Wannan shi ne abin da za ka gina ma kanka a Yamai ko a Tawa, da kontra da shedu.

Don haka in kamfani ya ce maka yana da takardar APSAD ko wata ta waje, kar ka tsaya ga fotokopi. Ɗauki lambar ka sa yaronka mai jin Faransanci shi duba a intanet, jerin kamfanonin a buɗe yake. Kuma ka duba sunan wa ke kai, sau da yawa takardar ta wani kamfani ce a Abijan ko Kasablanka ko Dubai wanda sunka taɓa sayen kaya wurinshi sau ɗaya. In da gaske suna aiki tare, to injiniyan can shi sa hannu bisa zanen gininka da sunanshi, kuma a rubuta cewa zai zo ranar gwaji.

Ka kuma tambayi su wa za su hau tsanin. Patro na iya zama da difloma goma amma ba shi zai ɗaura ba. Ka ce a nuna maka shugaban masu ɗaurin, ka tambaye shi gine-ginen da ya yi, ka ɗauki mota ka tahi ka gani da idonka, ka yi magana da mai gadi ko mai kula da ginin ba tare da ɗan kwangilar yana tsaye kusa ba. Mai gadi ba ya ɓoye komi, shi zai ce maka ai tun da anka sa famfon nan bai taɓa tashi ba.

Kafin a sayi ko tiyo ɗaya, ɗauki zanen ka kai ma pompiye da ma'aikatar kare jama'a daga haɗari, su da ke duba wuraren da jama'a ke taruwa. Mutane sun ɗauka aikinsu kawai a kira 18 su zo da jiniya, alhali shawararsu kafin gini ta fi amfani. Ka nemi su ba ka abin da sunka ce a rubuce ka haɗa da takardar izinin gini ta meri. Kuma ga wani ƙaramin abu da ake mantuwa da shi: a bakin gini ana sa wani baki da motar pompiye za ta haɗa tiyonta ta tura ruwa ciki, to bakunan nan iri-iri ne, na Faransa daban, na Ingila daban, na Amurka daban. Kayan da anka kwaso daga Dubai ko Sin na iya zuwa da bakin da bai shiga tiyonsu ba. Ka tambaye su wane iri ke garesu, in da hali su zo su gwada da nasu.

Yanzu zanen kanshi. Debi mai shafi ɗaya da anka rubuta "kawuna 200, tiyo, famfo, jimla kaza" ba zane ba ne. Dole a ba ka taswirar da ke nuna inda kowane kai zai zauna, da lissahin ruwa da ke nuna cewa kan da ya fi nisa da famfo zai samu ƙarhin da ya kamata. Kuma farkon abin da mai sani zai tambaye ka shi ne mi za ka aje a ciki, har tsawon ina. In bai tambaya ba bai san aikin ba. Ƙa'idar Turai ta raba wurare uku: mai ƙaramin haɗari, kai ɗaya na iya rufe har murabba'in mita 21, matsakaici mita 12, mai babban haɗari mita 9. Mangazar katifun soso ko tayoyi ko bokitan roba da anka tara har sama ba ɗaya take da biro ba ko kusa, kuma in bana siminti ke ciki baɗi ka ba mai katifa haya, lissahin ya tashi aiki sai an sake.

Ruwan shi ne inda kuɗɗi suke kuma shi ne inda ake yanke. Bari mu yi lissahi kaɗan. Babban kanti irin na matsakaicin haɗari (shi ma matsakaicin an raba shi rukuni-rukuni, kanti na cikin na uku), ƙa'idar Turai ta ce lita 5 kowane minti bisa kowane murabba'in mita, a ɗauka wuta ta kama mita 216, ruwa shi yi awa ɗaya yana zuba. Lita 1080 ke nan a minti, a awa lita 64,800, wato tano 324 masu lita 200, kuma wannan shi ne ƙasa, teburin ƙa'idar kanshi ya kai tankin irin wanga wuri lita 135,000. To ka gaya mini, wanda ya ce zai haɗa maka da shato na roba mai lita 5000 da ke bisa rufi, minti nawa zai yi? Bai cika biyar ba. Kuma wanda ya ce a haɗa kai tsaye da ruwan gari, ka tuna yadda robine ke yi a unguwarku cikin watan Afirilu da Mayu. Tanki na gobara daban ake yin shi, ba a wanka da shi ba a ban ruwan fulawa da shi, in ma tanki ɗaya ne to a sa bakin ruwan amfanin gida a sama yadda ba zai taɓa shanye rabon gobara ba. Mai foraj shi ma kar shi ce ya tsira, foraj cika tanki yake, ba ya ba da lita dubu a minti.

Famfo kuma ba ɗaya ba ne. Akwai ƙarami mai riƙe ƙarhin ruwa cikin tiyo kullum, akwai babba na kuran, akwai na gazwal. A garin da kuran ke tahiya lokacin zahi, kuma abu na farko da mutane ke yi in wuta ta tashi shi ne su ruga su kashe kuran ɗin gidan gaba ɗaya, ni a ganina na gazwal ba abin ciniki ba ne. In ɗan kwangila ya ce a cire shi a rage kuɗɗi tunda akwai gurup, ka tambaye shi wa zai tada gurup ɗin ƙarhe uku na dare. Babban famfo da kanshi yake tashi in ƙarhin ruwa ya sauka, kuma da hannu kawai ake kashe shi, wayarshi ta kuran ma daban ake ja mata ba ta bi ta babban makashin gidan ba.

Sai maganar zahi, wadda zanen da anka kwafo daga Turai ba ya tunawa da ita. Galibi kowane kai yana da 'yar kwalba mai ruwa mai launi, zahi ke fasa ta, kuma wanda wuta ta kai gare shi kaɗai ke buɗewa, ba duka gidan ba kamar yadda ake nunawa a fim. Launin ke hwaɗin digiri: ruwan lemu 57, ja 68, rawaya 79, kore 93, shuɗi 141. Ja shi ne ya cika kasuwa shi ne kowa ke sawa. Amma ƙa'idar Turai ta ce digirin kan shi fi zahin da wurin ke kaiwa da kamar digiri 30, ita ta Amurka ma ta ce irin su ja ba a sa su inda saman ɗaki ke wuce 38. To a Yamai da Tawa inuwa kanta tana wuce 42 cikin bazara, ina ga ƙarƙashin kwanon mangaza da ba plafo da tsakar rana. Kwalbar da ke shan wanga zahi shekara da shekaru rauni take yi, wata rana ba wuta ba hayaƙi ta fashe ta jiƙa maka buhunan sukari, kai kuma don haushi ka sa a rufe ruwan gaba ɗaya, shi ke nan an koma gidan jiya. Ɗakin otel mai sanyi ja ya isa. Ƙarƙashin kwano, da kicin, da ɗakin gurup, a auna zahin wurin da rana tsaka a watan da ya fi zahi, galibi kore za a koma. Mai aikin da ya kawo wagga magana da kanshi kafin ka tambaya, riƙe shi da kyau.

Ranar da kaya sunka iso ka je a buɗe kwali gabanka. Kowane kai na kirki an buga mashi sunan kamfani, da lambar iri, da digiri, da shekarar ƙira, da tambarin masu gwaji irin su UL ko FM ko VdS ko LPCB. Akwai na jabu, UL da kanta ta sha fidda sanarwa a kansu, shi ya sa faktir daga dilan da kamfanin ya sani ta fi maka rahusar da ba ka san asalinta ba. Tsohon kai da anka kwance daga wani gini ba a sake ɗaura shi, ko da an wanke shi yana ƙyalli, Katako akwai komi amma wannan kam ba a can ake saye ba. Tiyo galibi na ƙarhe ne. Wanda ya kawo farin PVC na ruwan wanka ya ce zai shafa mashi jan fenti, wannan ba rage kuɗɗi ba ne, narkewa zai yi kafin ruwa shi kai.

Kuɗɗi kuma kashi-kashi, kowane kashi a ɗaure shi da wani abu da ido ke gani. Kar a rufe plafo sai an yi gwajin matsi kana tsaye, ko injiniyanka na kanka wanda ba ɗan kwangilar ke biyanshi ba. Ana cika tiyo da ruwa a matsa, ƙa'idar Amurka ta ce kusan bar 14 (bar shi ne ma'aunin matsi), ta Turai bar 15, a bari awa 2, allurar agogon awon matsi kar ta sauka kuma kar a ga ɗigo ko ɗaya. Ka ɗauki hoton agogon da farko da ƙarshe, kuma ka tabbata an cire famfon gwajin, don akwai masu barin yaro a bayan gini yana ƙara matsawa a hankali. Kafin nan a wanke tiyon ƙasa da ruwa mai ƙarhi, yashi da tsakuwa da ledar da sunka shiga lokacin gini su ke toshe kawuna daga baya. Sannan gwaji na biyu, a buɗe bakin gwaji da ke can ƙarshen layi, ƙararrawa ta buga, famfo shi tashi da kanshi, a yanke kuran da gangan a ga na gazwal ya karɓa. Duk a rubuta a takarda kowa shi sa hannu, in ka samu pompiye da wakilin asirans sunka halarta ya fi. Ka riƙe kashi 5 ko 10 cikin ɗari har shekara ta zagayo. In an yi rigima, wannan takardar da hotunan da kontra mai sunan ƙa'ida su ne za ka riƙa a kotun kasuwanci ta Yamai, in aikin ya tsaya rabi kuma ka kira wisiye shi zo shi rubuta abin da ya gani kafin wani shi taɓa.

Kafin su kwashe kayansu ka zagaya ka ɗaga kai sama. Kawuna na zuwa da 'yar hular roba ta kariya, a cire su duka. Mai fenti in ya bi ya shafe kai, ba a kankarewa, sauyawa ake. A bar maka akwatin kawuna na ajiya da makullin kwance su, ko ƙaramin gini ne kar su kasa 6, da taswirar aikin yadda anka yi shi a zahiri ba yadda anka zana da farko ba.

Sauran kuma naka ne, ba na ɗan kwangila ba. Binciken da NFPA, ƙungiyar da ta fidda ƙa'idar NFPA 13, ke yi a Amurka ya nuna cewa inda sifirinkila ta kasa aiki ranar gobara, fiye da rabi dalili ɗaya ne, wani ya rufe ruwan. Don haka babban makunnin ruwa a bar shi buɗe a sa mashi sarƙa da kwaɗo, makulli wurin mutun ɗaya. Famfon gazwal a tada shi kowane mako shi yi minti 20 zuwa 30, a duba batiri da mai, a rubuta a kaye da kwanan wata, kuma gazwal ɗin nan ba na aro ba ne in gurup ya ƙare. Masu lodin kaya ka ja masu layi a bango, tsakanin kaya da kai a bar aƙalla rabin mita, a mangaza mai babban haɗari mita guda, kuma ba a rataya komi bisa tiyo, ba waya ba igiyar shanya. Ƙurar hunturu in ta taru bisa kawuna a hure ta da iska kar a goge da tsumma. Sannan ka yi kontra ta kulawa da kamfanin da zai riƙa zuwa aƙalla sau biyu a shekara yana bar maka rahoto a rubuce, in da hali ba wanda ya ɗaura ba, ka riƙa kai ma mai asirans kofi ɗaya kana aje ɗaya a biro.